Buhun PICS: a adana wake ba tare da magani ba

Jama'a, kaka ta kawo jiki, kuma na san tuni wasu sun fara cigiyar maganin da za su zuba wa wake. Don Allah a dakata. Bara na shiga wani gida na tarar da uwargida tana surfa wake, warin fiya-fiya na tashi daga ƙwarya, ga yara zaune suna jiran alale. Ranar hankalina bai kwanta ba. Irin wannan guba ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya ƙasashenta a 2015.

Alhali akwai mafita, wato buhun PICS mai ruɓi uku: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Idan an ɗaure shi da kyau, ƙwaro zai shaƙe 'yar iskar da ta rage, ya daina ci, ya bushe ya mutu.

Buhun nan ba hannu ɗaya ya kawo mana shi ba. Masana daga Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fara gwada dabarar tare da masu binciken noma na Kamaru a Marwa, tun wajen ƙarshen shekarun 1980. Amma ta daɗe ba ta bazu ba, don babu mai yin buhun da yawa, babu mai kai shi kasuwa. Sai a 2007, da tallafin gidauniyar Bill da Melinda Gates, aka haɗa kowa a ƙasashe 10: cibiyoyin binciken noma irin su INRAN a Nijar da IITA a Najeriya, masana'antu irin su Lela Agro ta Kano, dillalai, gidajen rediyo, da mu malaman gona. A gaban mai gari ake ɗaure buhu, bayan wata huɗu zuwa shida a tara jama'a a kwance. Gani ya kori ji.

Inda abin ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, sai mu gama koyarwa, manomi ya gamsu, ya je kasuwar garinsu bai sami buhun ba, ko a sayar masa da jabu. Shi ya sa nake roƙon ƙungiyoyin manoma su haɗa kuɗi su yi oda tun kafin girbi, hukumomin gona kuma su sa ido kan masu sayarwa.

Kai kuma ɗan'uwa, ka busar da waken sosai, ka sheƙe shi. Hura kowace leda ka duba ko ta huje. In ka cika, matse iskar, ka murɗe bakin ledar ciki, ka lanƙwasa ka ɗaure, sannan ta biyu, sannan buhun waje, kowanne da ɗaurinsa. Ɗora shi kan katako, nesa da bango saboda ɓera. Na cefane kuwa a ware shi daban, don kada a riƙa buɗe na ajiya.