Swadistana: Ma'anar Cakrar Mara

Kalmar cakra daga harshen Sanskirit na Indiya ta fito, ma'anarta da'ira mai juyawa kamar ƙafar keke. A koyarwar yoga, cakra cibiyoyi ne da mai zaman tunani ke surantawa a jikinsa, daga gindin ƙashin baya zuwa tsakar ka. Ta biyu cikin bakwai ɗin da aka fi sani ita ce Swadistana, wato "mazaunin kai", a mara, kamar yatsu uku ƙasa da cibiya.

Littafin malamin Hindu Purnananda na 1577, wanda John Woodroffe ɗan Birtaniya ya fitar da fassararsa a 1919, ya siffanta ta da furen bado mai ganye shida, ya haɗa ta da ruwa da jinjirin wata. Launin lemu da ake liƙa mata yanzu, da cewa ita ke riƙe da motsin rai, ƙari ne na marubutan Turai da Amurka a ƙarni na 20. Ba gaɓa ba ce, hoton asibiti ba ya nuna ta. In aka ce ta "toshe", ana nufin mutum ya daina jin daɗin komai. In ta "yi yawa", zuciya da sha'awa sun fi ƙarfinsa.

Daidaita ta numfashi ne da sassauta ƙugu. Zauna a tabarma, ka haɗa tafin ƙafafunka, gwiwoyi su faɗi gefe. Ɗora hannu a mara. Ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu har mara ta ɗaga hannun, ka sake shi kana ƙirga shida. Tsawaita fitar numfashin ne ke kwantar da bugun zuciya. Minti biyar zuwa goma sun isa, kafin cin abinci.

Kuskuren da aka fi yi shi ne danna gwiwoyi ƙasa da hannu: ƙugun da bai saki ba yana tura nauyin ga gwiwa, sai jijiya ta gurɗe. Sa matashi a ƙarƙashin gwiwoyin. Jiri kuma alama ce ta jan numfashi da gaggawa, sai a rage.

Sautin "wam" da wasu ke rerawa yayin wannan zama yana da tushe a ibadar Hindu, inda aka danganta wannan cakra da Bishnu, ɗaya daga cikin manyan abubuwan bautarsu. Wanda addininsa bai yarda ba ya tsaya a numfashi da miƙa. Ciwon mara mai naci, rikicewar al'ada, ko ƙuncin da ya wuce mako biyu, asibiti ake kai su.