Yawan Ƙuri'un Jama'a Ba Shi Ke Naɗa Shugaban Amurka Ba

Mutane da yawa sun daɗe suna zaton wanda ya fi samun ƙuri'u a zaɓen Amurka shi ke zama shugaban ƙasa, alhali tsarin mulkin da aka rubuta a Filadelfiya a shekarar 1787 bai tanadi haka ba. Jama'a wakilai suke zaɓa, su kuma wakilan, waɗanda a yau yawansu 538 ne, su ke zaɓen shugaba, kuma sai ɗan takara ya samu 270 kafin ya yi nasara. Kowace jiha tana da wakilai daidai da yawan 'yan majalisarta na tarayya, kuma in ban da Maine da Nebraska, wanda ya yi rinjaye a jiha, komai ƙanƙantar ratar, yakan kwashe wakilanta duka.

Shi ya sa a 2016 Hillary Clinton ta zarce Donald Trump da ƙuri'u kusan miliyan 3 amma ta sha kaye. A ganina, babban aibin tsarin shi ne 'yan takara kan tattara yaƙin neman zaɓe a 'yan jihohin da ake kankankan, su ƙyale miliyoyin masu zaɓe a Kalifoniya.