Lobektomi: ba huhun gaba ɗaya ake cirewa ba

Ranar da likita ya ce za a yi wa kawuna aiki a huhu, gwaggona ta riƙe hannuna a barandar asibiti a nan Sakkwato, ta ce, "Ɗana, in sun cire mai huhu, da mi za ya yi lumfashi?" Tambayar nan ce ta sa ni rubuta wannan.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗar ragon layya ya ga huhu ba dunƙule ɗaya ba ne, tsage yake sashe-sashe. Haka na mutum: na dama sashe 3, na hagu 2, don zuciya ta ci masa wuri. Lobektomi shi ne a yanke sashe ɗaya daga cikin biyar ɗin, a ɗaure jijiyoyin jininsa da bututun iskarsa. Sauran huɗun sai su buɗe, su cike yawancin gurbin. Ana yin aikin ne saboda kansar huhu da ba ta bazu ba, ko inda tarin fuka ya riga ya cinye sashen har mutum na tarin jini ba ƙaƙƙautawa. Bayan aiki akan bar roba a ƙirji 'yan kwanaki tana fitar da iska da ruwa. Ita ce ta fi tayar wa gwaggo hankali, alhali alheri ce.

Sai kuma lambobin da ke jikin takardar sallama, waɗanda mutanenmu ba sa ko kallo. A kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugu na goma, wato ICD-10, C34.1 na nufin kansa a sashen sama, C34.3 na ƙasa, C34.2 kuwa na tsakiya, wanda huhun dama kaɗai ke da shi. Shi aikin tiyatar kuwa, a Amurka lamba ake ba shi daga kundin ayyukan likita da ake kira CPT: 32480 idan an buɗe ƙirji, 32663 idan ta ƙananan huda aka yi da kyamara.

Da irin waɗannan lambobi ne masu inshorar lafiya ke tantance abin da za su biya, kuma likitan Kano ko na Alƙahira zai gane ciwon ko babu dogon bayani. Kuskuren lamba ɗaya kan mayar da sashen ƙasa na sama a rubuce. Takardar kawu tana cikin leda a akwatin gwaggo, ni kuma na ɗauki hotonta a waya.