Sake narkar da dalma a fanel ɗin talabijin

Sake narkar da dalma hanya ce ta gyaran talabijin, inda ake dumama mahaɗar da ta tsage tsakanin ƙafar wani sashe da layin tagulla na fanel, har dalmar ta narke ta sake kama su biyun. Fanel shi ne farantin nan, kore ko ruwan ƙasa, da ake dasa kayan lantarki a kansa. Masu gyara a Kano, daga Sabon Gari zuwa ƙananan shagunan unguwanni, sun daɗe suna wannan aiki, kuma yana cikin gyare-gyaren da ba sa cin kuɗin kaya. Amma ciwo ɗaya tak yake warkarwa, wato tsagewar mahaɗa. Sashen da ya ƙone, zafi ba ya tayar da shi.

Dalmar liƙi da yadda take tsagewa

Abin da ake kira dalma a wannan sana'a gauraya ce. Ta da tana da kuza kashi 63 da ainihin dalma kashi 37 cikin ɗari, kuma tana narkewa a digiri 183 na ma'aunin Salshiyos. Daga watan Yulin 2006 Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da dalma mai guba a kayan lantarki, sai kamfanoni suka koma wata gauraya, mafi shahara ita ce mai kuza kashi 96.5, azurfa kashi 3, tagulla kashi 0.5, wadda ba ta narkewa sai wajen digiri 217 zuwa 220. Yawancin talabijin na bango da wannan sabuwar aka haɗa su. Tsofaffin masu ƙeya kuwa da ta da.

Tagulla, dalma, ƙafar sashe da jikin fanel ba daidai suke buɗewa ba in sun ji zafi. Duk kunnawa sai su miƙe, duk kashewa sai su tsuke, kowanne da nasa gwargwado. Bayan dubban kunnawa da kashewa, dalmar takan gaji kamar wayar da ake ta lanƙwasawa, sai tsaga ta zagaye ƙafar kamar zobe. Yanayin Kano yana hanzarta wannan. A bazara zafi kan haura digiri 40, ƙurar hunturu tana toshe kafofin iska ta kwanta a kan farantan sanyaya, wato ƙarafan da ke janye zafi daga sassa, ga yawan ɗaukewa da dawowar wuta da komawa kan janareto, wanda kowanne zagaye ne na zafi da sanyi.

Ba ko'ina mahaɗa ke tsagewa ba. Tsagar tana bin wurin zafi, wurin nauyi, da wurin da ake jijjigawa: ƙafafun taransifoma, manyan rezisto, tiransistocin da aka ɗaure a farantin sanyaya, da soket ɗin HDMI ko na eriya da ake yawan cusawa da zarewa.

Alamomi

Babbar alama ita ce ciwon da ke zuwa yana tafiya. Talabijin ya yi aiki da safe, bayan rabin awa hoto ya ɗauke. Ko ya ƙi kamawa sai an mare shi a gefe. Wannan marin da ake yi a gidaje shaida ce mai ƙarfi, domin girgizar ce take haɗa bakin tsagar na ɗan lokaci, sai dai kowane mari ƙara faɗinta yake yi. A mai ƙeya, idan hoto ya tattare ya zama farin layi ɗaya a kwance a tsakiyar gilashi, galibi ƙafafun ayisin (IC, sashe mai ƙafafu da yawa) da ke buɗe hoto sama da ƙasa ne suka saki. Idan launi ɗaya ke ɓacewa yana dawowa, a duba ƙaramin fanel da ke wuyan kwalbar da ke nuna hoto.

Akwai masu kama da shi da ba shi ba. Kafasita, wato sashen da ke tara caji, in kanta ya kumbura canzawa take so. Talabijin na bango mai fitar da murya ba hoto, wanda in an haska gilashinsa da tocila ake ganin inuwar hoton, galibi fitilun bayansa ne suka mutu. Siraran layukan tsaye da ba sa motsi kuwa sau da yawa daga ribon ɗin gefen gilashi suke, wato siririyar ledar da ke ɗauke da layukan wuta, kuma da gam na musamman aka manna shi, ba da dalma ba. Duk wanda ya kai masa ayon, wato ƙarfen narkar da dalma, ya gama da gilashin.

Kafin a taɓa fanel

A zare filogi daga bango. Babbar kafasitar sashen wuta tana riƙe kusan bolt 325 daga wutar gida mai bolt 230, a wasu sababbin ma takan kai 400, kuma takan daɗe da cajin bayan an kashe. Ana sauke ta ta hanyar rezisto mai ƙarfi ko ƙwan fitila irin na da mai wat 60, sannan a tabbatar da mitar awon wuta. Gama ƙafafunta da sukundireba yana fasa layin tagulla. Kwalbar mai ƙeya tana aiki da wajen bolt 25,000, don haka wanda bai koyi sauke ta a hannun maigidansa ba kada ya kusanci robar da ke manne a bayanta.

Aikin da ayon

Kayan su ne ayon mai wat 40 zuwa 60, in da hali mai saita zafi. Zaren dalma mai kaurin milimita 0.8, man liƙi irin na lantarki, famfon tsotse dalma ko saƙar tagulla, sifirit, buroshi da gilashin ƙara girma. Man liƙi shi ne ke cin tsatsar da ke hana dalma kamawa, aikin da sinadari ke yi wa maƙeran farfaru. Na masu gyaran famfo da lagireto akwai asid a cikinsa, kuma yana cinye layin tagulla a hankali.

Bayan an kakkaɓe ƙura, ana duba bayan fanel a ƙarƙashin haske mai ƙarfi ana neman zoben tsaga, sannan a ɗan motsa sashen daga sama a ga ko ƙafarsa na rawa. A saita ayon a digiri 320 zuwa 350 ga tsohuwar dalma, 350 zuwa 380 ga sabuwa. A shafa man liƙi, a ɗora bakin ayon ya taɓa ƙafar da tagullar lokaci guda, a sa zaren dalma a kan mahaɗar, ba a kan ayon ba. Daƙiƙa 2 zuwa 4 sun isa. A janye zaren, sannan ayon, kuma kada a motsa har ta daskare.

Nan ne aikin ƙwararre ke bambanta. Dalmar da ta tsage ta riga ta yi tsatsa a ciki, narkar da ita kawai ba ya mayar da ƙarfinta. Daidai shi ne a tsotse tsohuwar, a zuba sabuwa. Mahaɗa mai kyau tana hawa ƙafar da gangare mai santsi. Wadda ta dunƙule kamar ƙwallo ba ta kama ba, zafi bai ishe ta ba. Rashin sheƙi ba aibi ba ne ga sabuwar gauraya, haka kamanninta yake. Idan ayon ya daɗe, tagullar takan ɓanɓaro daga fanel, sai an yi mata gada da siririyar waya. A ƙarshe a wanke da sifirit, a auna da mita ko dalma ta haɗe ƙafafu biyu maƙwabta.

Ayisin da ƙafafunsa ke ƙarƙashi

Babban ayisin talabijin na bango yana zaune ne a kan ɗaruruwan ƙananan ƙwallayen dalma da ayon ba ya kaiwa, sai da na'urar hura iska mai zafi, irin ta masu gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano. Ana rufe kafasitoci da soket ɗin roba da takardar alminiyam, a zuba ruwan man liƙi ya shiga ƙarƙashi, a dumama fanel duka zuwa wajen digiri 150, sannan a hau a hankali zuwa 235 ko 245, a tsaya ƙasa da minti ɗaya da rabi, a bar shi ya huce da kansa. Lambar da na'urar ke nunawa zafin iska ne, ba na dalma ba, shi ya sa ake manna ma'aunin zafi kusa da ayisin. Gaggawa tana bankare fanel, danshin damina da ke cikin ayisi kuma yakan zama tururi ya fasa shi.

Wannan gyara sau da yawa ba ya ɗorewa, domin wani lokaci tsagar tana cikin ayisin kansa ne, zafi ya ɗan haɗa ta, bayan makonni ta dawo. Mai ɗorewa shi ne a ɗaga ayisin a sa masa sababbin ƙwallaye, ko a canza fanel. Haƙƙin mai kaya ne a gaya masa wanne aka yi masa kafin ya biya. Sanya fanel a tandun gasa abinci kuwa yana lalata kafasitoci, ya kuma gurɓata tandun.

Lafiyar mai gyara

Hayaƙin da ke tashi na man liƙi ne, kuma yawan shaƙarsa yana jawo asma, don haka a yi aiki inda iska ke ratsawa. Gubar dalma ta hannu take shiga baki. A wanke hannu da sabulu kafin cin abinci ko goro, kuma a tara ɓurɓushin dalma a gwangwani mai murfi, nesa da inda yara ke wasa.