Sukurun kafireta da kamfani ya toshe: ku karanta kafin ku taɓa

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, da wuya mako ya ƙare wani bai shigo garejina a nan Sakkwato da tsohuwar Corolla ko Golf ko Fijo ba, yana cewa, "Malam, a rage mini shan mai, an ce akwai wani sukuru da Turawa suka ɓoye." Bakina ya gaji da maimaitawa. Ga amsoshin nan a rubuce.

Da gaske akwai sukurun da aka ɓoye?

Akwai. Sukurun mai ne, wanda ke daidaita yawan man da ke gauraya da iska, yana can gindin kafireta, kusa da inda ta zauna a kan inji. Ko dai an sa masa hular roba, ko an toshe bakin raminsa da ɗan ƙarfe.

In na ɗaure shi, motata za ta daina shan mai?

A'a. Aikinsa a silo yake, wato lokacin da inji ke aiki ƙafarka ba ta kan totur, sai kuma farkon takawa kaɗan. Da zarar ka miƙi hanyar Illela ko ta Gusau ka ba ta wuta, babban jet, wato babbar kafar da mai ke bi a cikin kafireta, shi ne ke shayar da inji, sukurun nan kusan ba ruwansa. Wanda ya karɓi kuɗinka a kan zai rage maka man tafiya da shi, cutarka ya yi.

To baƙin hayaƙin da take yi fa?

Yaushe rabonka da buɗe matatar iska? A hunturun da ya wuce wani Alhaji ya zo mini da wannan kuka. Na ciro matatar na buga ta da ƙasa, ƙura ta zubo kamar garin gero, har ta yi tudu a gaban takalminsa. Inji yana son iska kashi 14.7 ga kashi 1 na mai, a ma'aunin nauyi. Idan ƙura ta shaƙe shi, dole mai ya rinjaya. Duba matata, duba fulogi, duba taimin, ka tabbata cok, wato murfin da ke rage iska lokacin tayar da inji da sanyi, yana buɗewa gaba ɗaya, ka bi tiyoyin roba ɗaya bayan ɗaya, don zafin garin nan na watan Afrilu busar da su yake yi su tsage. Mai zuba man galan na bakin titi kuma ya fara wanke kafiretarsa tukun. Kada wanda ya kawo mini maganar sukuru bai yi waɗannan ba.

Me ya sa kamfani ya toshe shi?

Dokar hayaƙi ce ta Amurka da Turai. An fara da hular roba mai hana juyawa da yawa, daga wajajen 1980 kuma aka koma toshewa da ƙarfe. Ba mugunta ba ce. An saita shi daidai ne aka rufe don kada a yi ta wasa da shi.

Ina iya ɓanɓarewa da ƙusa da guduma?

Kada ka soma.

Tawa da ƙarfe aka toshe. In huda, ko in bari?

Nan ne ba na son gaggawa, don amsar ta danganta da abubuwa da dama. Idan motarka tana silo lafiya, ba ta kakkarwa, ba ta mutuwa a shataletale, bar shi yadda ka same shi. Idan kuma an kwance kafiretar an wanke, an gyara duk abin da na lissafa a sama, silon bai daidaita ba, to mai yiwuwa datti ya taru a bakin allurar, wato siririn tsinin sukurun, ko robar da ke jikinta ta mutu. A nan hudawa tana da dalili.

Amma ka fara sanin irin kafiretarka. Solex da ke kan Fijo 504 galibi hular roba ce, da bakin ƙaramin sukundireba za ka ɗaga ta. Aisan ta Toyota, da Keihin ta Honda, da Hitachi ta Nissan, musamman waɗanda aka ƙera don kasuwar Amurka, su ne ake yawan samu da toshiyar ƙarfe. Rochester ta motocin Amurka ma sai an yanki gefen gindinta da zarto kafin a fitar da toshiyar, kuma kan sukurunta ba ya karɓar sukundireba irin namu. Akwai kuma masu wayoyin lantarki a jiki, waɗanda kwamfutar mota ke daidaita musu mai. Waɗannan ban ba ka shawarar taɓawa a gida ba, don kana juyawa kwamfuta na mayarwa.

In dai za a huda, a sauke kafiretar daga kan mota, a tsiyaye man cikinta tas. Injin huda da fetur ba sa zama wuri ɗaya. Ka tabbata ramin da kake kallo na sukurun ne, domin akwai wasu toshiyoyin a jikinta da suka rufe hanyoyin mai, huda su ɓarna ce. Ka nemi siririn bakin huda, kamar milimita 2 zuwa 3, ka naɗa masa salatif kusa da tsini ya zama iyaka. Toshiyar ba ta da kauri, kan sukurun kuma yana nan dab da bayanta. Ka tafi a hankali, da ka ji hannunka ya yi sauƙi ka tsaya cak. Sai ka murɗa ƙaramin sukuru mai cin ƙarfe a cikin hudar, ka kama shi da filaya ka jawo. Wani lokaci ta fito a ja ɗaya, wani lokaci ta yi gardama. In ta yi gardama, kada ka ƙara ƙarfi, jikin kafireta ba ya jure duka. Na taɓa karɓar wata a cikin leda daga hannun wani saurayi, gindinta ya tsage har bakin ramin, kan sukurun tagullar ya cinye ba inda sukundireba zai kama. Tausayinsa ya kama ni, don da motar yake ciyar da gidansu. Bayan an gama, a hure ɓarɓashin ƙarfen da iska kafin a taɓa allurar.

Na riga na buɗe, na juya, yanzu ba ta silo. Na kashe ta ke nan?

Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa, ba ta mutu ba. Murɗa sukurun ciki da 'yan yatsu biyu har ka ji ya taɓa ƙasa, taɓawa kawai, sannan ka dawo da shi waje juyi biyu. Yawanci za ta tashi a haka. Kuskurenka shi ne ba ka ƙirga ba. Kafin a kwance, ana murɗawa ciki ana ƙirga juyi da rabin juyi, a rubuta a takarda.

Me zai faru in na ɗaure tamau?

Tsinin allurar zai yi zobe, ko ya karye a cikin ramin. Ɗaga ta a rana, in ka ga zoben, nemi wata.

Yaya ake saitawa?

Inji ya yi zafi sosai, cok a buɗe, matatar iska a wurinta, kuma a fili, ba cikin rufaffen shago ba. A yawancin motoci ciki rage mai ne, waje ƙari. Juya rubu'i rubu'i, kana jira 'yan daƙiƙu kana saurare. Shiga ciki har ka ji inji ya fara tuntuɓe, fito waje har ya fara nauyi salansa na warin mai, sai ka tsaya a tsakani inda ƙararsa ta fi santsi. Daga nan ka koma sukurun totur ka daidaita silo, galibi tsakanin juyin inji 700 da 900 a minti. In sukurun mai biyu ne, su tafi tare, juyinsu daidai da juna.

Na fito da shi juyi huɗu, har yanzu tana kakkarwa.

Ba a sukuru matsalarka take ba. Ko iska na shiga ta gaskit ɗin gindi, ko jet ɗin silo ya toshe. Mayar da shi inda yake, ka sauke kafiretar.

Ɗan sifirin da robar da suka faɗo, dole ne a mayar?

Dole. Sifirin ne ke hana sukurun warwarewa a kan gargadar hanya, robar ce ke hana iska shiga. Shimfiɗa farin ƙyalle kafin ka zare, don in suka faɗa cikin yashin gareji ba ka ƙara ganinsu.