Na'urorin Gano Ƙwayoyi Masu Aiki da Iskar Gas

Na'urar gano ƙwayoyi mai aiki da gas akwati ne rufaffe da ake cikawa da iskar gas domin bin sawun ƙwayoyin da suka fi zarra ƙanƙanta. Idan ƙwaya mai cajin lantarki ta ratsa akwatin, sai ta fizge elektiron daga jikin gas ɗin. Ƙarfin lantarki ya ja su zuwa waya, suna gudu suna fizgo wasu, har guda ɗaya ya zama dubbai, a sami siginar da za a iya aunawa.

Na'urar Geiger da Müller ta 1928 ƙirge kawai take yi. A 1968 ne Georges Charpak ya jera siraran wayoyi masu yawa cikin akwati ɗaya a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Geneva, kwamfuta ta fara karanta hanyar ƙwaya kai tsaye maimakon a zauna duba hotuna. Wannan ya ba shi kyautar Nobel a 1992.

Sai dai waya tana da iyaka: idan ƙwayoyi suka yi yawa, ba ta iya bin su. Maganin da aka samo shi ne sababbin na'urori da aka matse tazarar da ake ninka elektiron a cikinta. Micromegas ta 1996 tana amfani da raga mai ƙananan idanu. GEM kuwa, wadda Fabio Sauli ya ƙirƙira a 1997, fallen roba ne mai kaurin mikiron 50 (mikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), da tagulla ciki da bai, an huda shi da ramuka masu faɗin mikiron 70, kusan kaurin gashin kai. Cikin kowane rami ake ninka elektiron. Dabara ce mai sauƙi ƙwarai, kuma ta yi albarka: cikin manyan gwaje-gwajen da ake yi a CERN, ALICE da CMS sun sa GEM, ATLAS ya sa Micromegas.

Gas ɗin ba baƙo ba ne a Legas. GEM kan yi aiki da argon kashi 70 da iskar kabon kashi 30, argon ɗin da masu walda ke saye a tukunya. Na'urorin RPC, wani nau'in na'urar gano ƙwayoyi mai faranti biyu da gas a tsakani, waɗanda aka fara a 1981 saboda saurinsu, sun dogara da gas ɗin R134a, wanda makanikai daga Agege zuwa Ladipo ke ɗura wa na'urar sanyaya mota.

A nan babbar matsalar take, kuma ta cancanci damuwa. R134a ya fi iskar kabon ɗumama duniya sau kusan 1,430, gas ɗin SF6 da ake ɗan gauraya masa kuwa sau fiye da 20,000. Tarayyar Turai tana rage amfani da irinsu, ga shi manyan na'urori sukan yi yoyo. Shi ya sa masu bincike ke toshe yoyon, suna tace gas ɗin su sake amfani da shi, suna kuma gwada nau'in gas na HFO, wanda bai cika ɗumama duniya ba, haɗe da iskar kabon, duk da cewa wannan haɗin yana buƙatar ƙarfin lantarki fiye da na da.