Me ya sa attajiri ba ya iya zuba wa kulob ɗinsa kuɗi yadda ya so?

A fadodin matasa na Damagaram, daga Birni zuwa Zango, akwai musun da ba ya ƙarewa: tun 2021 asusun gwamnatin Saudiyya ya sayi Newcastle, to me ya hana ta kwashe manyan ƴan wasan duniya?

Doka ce ta hana. A gasar Firimiya ta Ingila, ƙa'idar da aka daɗe ana aiki da ita har zuwa kakar 2025/26 ba ta duba aljihun mai kulob, littafin kulob ɗin take dubawa. Cikin shekara uku, asara ba za ta wuce fam miliyan 105 ba, wajen miliyar 80 ke nan na sefa. Ko a cikin wannan, mai kulob ne zai tsaya wa miliyan 90 da kuɗinsa. Abin da aka kashe a gina fili, renon yara da ƙwallon mata ba ya shiga lissafi.

Wanda ya ƙetare iyaka, maki ake yanke masa. Everton ta rasa 10 a Nuwamba 2023, ta ɗaukaka ƙara aka mayar 6. Nottingham Forest ta rasa 4 a Maris 2024. Shi ya sa kulob ke sayar da yaron da ya rena da hannunsa, don kuɗinsa riba ce zalla a littafi. Haka Newcastle ta rabu da Elliot Anderson a 2024, ba da son ranta ba.

Inda abin ya fi ciwo shi ne faɗuwa daga gasar. Kuɗin talabijin, wanda shi ne ƙashin bayan yawancin kulob, ya zube; kwantiragin ƴan wasa kuwa yana nan, sai waɗanda aka sa musu sharaɗin rage albashi tun farko. Sannan a gasar Championship, wadda ke ƙasa da Firimiya, asarar da aka yarda da ita a wancan tsarin miliyan 13 ce a shekara, ba 35 ta Firimiya ba. Samu ya ragu, igiya kuma ta ƙara matsewa. Tabon ma yana bin kulob bayan ya dawo: iyakar Forest miliyan 61 ce kawai, saboda shekara biyu cikin ukun a ƙasa ta yi su.

Akwai kuɗin sassauci da Firimiya ke ba wanda ya faɗi: kashi 55 cikin ɗari na rabon talabijin da ake yi daidai wa daida a shekarar farko, 45 a ta biyu, 20 a ta uku ga wanda ya wuce kaka ɗaya a sama. Bai ceci Sunderland ba, ta faɗi a 2017, ta sake faɗuwa a 2018.

A ganina dokar ta rage hauka da bashi, amma ta fi yi wa tsofaffin manya daɗi. Manchester United mai samun kuɗin talla ko'ina tana da damar kashewa fiye da sabon mai kuɗi, ko da ya fi masu ita dukiya.